Muhawara: shin duk abin da aka kira farfaganda ƙarya ne?

Mai Fassara, Sawaba

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman ƙarin haske a kan wata kalma da ba ta barin bakinmu a nan Kumasi ta ƙasar Ghana, wato farfaganda. Na lura cewa idan mutum biyu suna gardamar siyasa a majalisar ataya ko a cikin motar haya, da zarar ɗaya ya kawo maganar da ba ta yi wa ɗayan daɗi ba, sai a ce masa "wannan farfaganda ce", kuma daga nan an rufe bakinsa ke nan, tamkar an kira shi maƙaryaci. Amma a tsofaffin takardun da akan kawo mini in mayar da su Hausa, nakan tarar da kalmar a wuraren da babu zargi a cikinta ko kaɗan, har ma mutum yana alfahari da cewa aikinsa ke nan. Shin ma'anarta ƙarya ce, ko kuwa yaɗa manufa? Kuma idan muna da tamu Hausar da ta isar, me ya sa muke riƙe da ta aro?

Baba Masta, Asawase

Wa alaikumus salam, 'yata. Ba a fagen siyasa aka haifi kalmar nan ba, a coci aka haife ta. Tushenta harshen Latin ne, daga wani aikatau da manoma ke amfani da shi idan sun ɗauki reshen itace sun dasa domin ya yi saiwa ya zama wani itacen, wato yaɗa iri. A shekarar 1622 Fafaroma Gregory na 15 ya kafa wata majalisa a birnin Rum domin kula da masu bishara da ake turawa ƙasashen da ba na Kirista ba, aka sa mata suna majalisar yaɗa addini, kuma kalmar da ke ɗauke da ma'anar yaɗawa a cikin sunan ita ce propaganda, wadda bakin Bahaushe ya mayar farfaganda. Ta yi kusan shekara 300 ba tare da wani babban tabo ba, sai fa a wajen waɗanda ba sa ga-maciji da cocin Katolika.

Yaƙin duniya na farko ne ya ɓata mata suna. Birtaniya ta buɗe ofishin farfagandar yaƙi tun 1914, Amurka ta kafa nata kwamitin a 1917. A wannan shekarar ta 1917 manyan jaridun Landan suka buga cewa Jamusawa suna da masana'anta inda ake tafasa gawarwakin sojojinsu a fitar da kitse, alhali kalmar Jamusancin da aka kafa hujja da ita mushen dabbobi take nufi. Sai a watan Disamba na 1925 ministan harkokin wajen Birtaniya, Austen Chamberlain, ya tsaya a majalisa ya amince cewa labarin ba shi da tushe. Masana tarihi da dama na ganin wannan ƙaryar ta taimaka wajen sa mutane shakka a yaƙi na biyu, lokacin da rahotannin kisan ƙare dangi da 'yan Nazi ke yi suka fara fitowa, kuma wannan karon gaskiya ne. Daga nan sai Hitler ya kafa ma'aikatar wayar da kan jama'a da farfaganda a 1933, ya damƙa ta a hannun Goebbels. Bayan 1945 gwamnatocin Yamma suka guji rataya sunan a ƙofofin ofisoshinsu, suka koma cewa yaɗa labarai ko hulɗa da jama'a, amma aikin bai tsaya ba. Ita kanta majalisar ta Rum an canja mata suna a 1967. A Burazil kuwa har gobe idan an ce propaganda tallan sabulu ma ya shiga ciki.

Matashi, Akwatia Line

Baba, mun gode da tarihi, amma da izininka ina ganin asalin kalma ba shi ne ma'anarta ba. Ma'anar kalma ita ce abin da masu magana ke nufi da ita a yau. Idan ka je kasuwar Kejetia yanzu ka tsayar da duk wanda ka ga dama ka tambaye shi, zai ce maka farfaganda ƙaryar 'yan siyasa ce, kuma babu wanda zai ambaci Fafaroma. Saboda haka a ganina Yaya Mai Fassara ta rubuta "ƙaryar siyasa" kawai ta huta, domin abin da mai sauraro zai ji ke nan ko ta rubuta ko ba ta rubuta ba.

Baba Masta, Asawase

Ɗana, na yarda da kai cewa amfani ne ke yanke hukunci, sai dai amfanin da kake magana a kansa bai daɗe ba a ƙasar nan. Lokacin da Kwame Nkrumah ya kafa jam'iyyar CPP a watan Yuni na 1949, jam'iyyar tana da muƙami mai suna sakataren farfaganda, kuma N. A. Welbeck ya riƙe shi da ƙarfinsa. Motocin da ke yawo gari-gari da lasifika, masu fentin ja da fari da kore, sunansu motocin farfaganda, kuma su ne suka kai kiran "mulkin kai yanzu" ƙauyukan da jarida ba ta zuwa, har jam'iyyar ta lashe zaɓen Fabrairu na 1951 alhali shugabanta yana tsare a kurkukun James Fort. Shin neman 'yanci ƙarya ne? Kada ma mu yi nisa. Jam'iyyar NDC ta riƙe wannan muƙami da wannan suna har cikin ƙarnin da muke ciki. Fiifi Kwetey ya riƙe shi, Richard Quashigah ya gaje shi. A babban taron jam'iyyar da aka yi a filin wasa na Baba Yara, nan cikin garinmu, a watan Disamba na 2014, sai ga shi kujerar da aka yi takara a kanta ta koma jami'in sadarwa. Babu jam'iyyar da za ta zaɓi mutum a gaban dubban wakilai ta raɗa masa suna sakataren ƙarya. Idan 'yata ta bi shawararka, duk takardar da ta fito daga zamanin neman 'yanci za ta ɓata ta.

Ustaz, Aboabo

Bismillah. Abin da Baba Masta ya faɗa game da coci yana da ɗan'uwa a wajenmu, kuma ina ganin ya kamata mu san shi kafin mu ɗora wa Turawa laifin komai. Larabawan yau suna kiran farfaganda da tallace-tallace di'aya, kuma tushenta ɗaya da da'awa da addu'a, wato kira. A cikin wasiƙar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya aika wa Hiraƙla sarkin Rum, wadda Bukhari ya ruwaito, da wannan lafazin ya kira shi zuwa ga Musulunci. Ashe ke nan kalmar da aka yi kira mafi tsarki da ita, ita ce yanzu ake kiran aikin masu ruɗin jama'a da ita. Wannan ya nuna mini cewa kira shi kaɗai ba laifi ba ne, kuma duk mai wata aƙida dole ya yi kira gare ta. Abin dubawa shi ne da me aka yi kiran. Alƙur'ani a Suratun Nahli, aya ta 125, ya ƙayyade kayan aikin: hikima, da wa'azi mai kyau, da jayayya ta hanyar da ta fi kyau.

Sannan ina so in ja hankalinmu ga aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda kowa ke jawowa idan ana maganar labaran bogi. Ayar ba ta ce idan fasiƙi ya zo muku da labari ku jefar da shi ba, cewa ta yi ku bincika. Saboda haka wanda ya ji magana daga bakin abokin hamayyarsa ya ce "farfaganda ce" ya juya baya, bai yi aiki da ayar ba, kamar yadda wanda ya ji ya tura wa mutum ɗari a WhatsApp bai yi aiki da ita ba. Muslim ya kawo a gabatarwar littafinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Mun iya karanta wannan ga maƙwabcinmu, amma da wuya mu karanta wa kanmu idan saƙon ya dace da abin da muke so.

Hajiya Mai Atamfa, Alabar

Allah ya gafarta Malam, ni ba ni da zurfin karatu irin naku, amma na ga zaɓe da yawa a Zango, kuma abin da ya fi tasiri a kanmu a duk zaɓen da na gani ba ƙarya ba ne. Ku ɗauki dokar korar baƙi ta watan Nuwamba na 1969, wadda gwamnatin Firaminista Busia ta bai wa duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Abin ya faru, mutane fiye da 100,000 sun tafi, an sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, kuma babu unguwar Zango da ba ta da labarinsa. To amma me ya sa ba a tunawa da shi sai shekarar zaɓe? Shekara uku babu mai zancensa, babu mai neman a rubuta tarihin waɗanda suka tafi, babu mai tambayar inda jikokinsu suke, sai an buga gangar siyasa sannan a zo a tsaya a ƙofar masallaci a ce mana idan muka zaɓi wane za a kore mu. Mai sayar da tumatir a kasuwa takan jera manya masu kyau a saman kwando, ta tura ruɓaɓɓu ƙasa. Duk ƙwayar da idonka ya gani tumatir ce ta gaske, ba ta yi maka ƙarya da baki ba, amma kwandon da ka kai gida ba shi ne wanda ka zaci ka saya ba. Ni abin da nake kira farfaganda ke nan, kuma ya fi ƙarya tsagwaronta wuyar kamawa, domin idan ka yi ƙorafi sai a ce maka nuna inda aka yi ƙarya.

Matashi, Akwatia Line

Hajiya, ina girmama maganarki, amma ina tsoron inda za ta kai mu. Idan faɗin gaskiya ma farfaganda ne saboda an faɗe ta a lokacin zaɓe, to yaushe za a faɗe ta? Lokacin zaɓe ne kaɗai talaka ke da abin da ɗan siyasa ke nema a hannunsa. Wanda aka taɓa korar iyayensa yana da haƙƙin ya tuna, kuma yana da haƙƙin ya tunatar da 'ya'yansa kafin su dangwala. Har yau ana tsayar da ɗan Zango a wajen rajistar katin ɗan ƙasa a yi masa tambayoyin da ba a yi wa wani, saboda sunansa kawai. Idan na haɗa wannan da 1969 ban ƙirƙiri komai ba.

Tsohon Ɗan Jarida, Tafo

Ƙanena, babu wanda ya ce ka ƙirƙira. Amma bari in ƙara maka wata gaskiyar da ba a cika haɗawa da taka ba, ka ga yadda hoton zai canja. A 1957, 'yan watanni bayan samun 'yanci, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, tare da Alhaji Usman Ladan, zuwa Najeriya. Da suka garzaya kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu domin a yanke shari'ar. Laifinsu shi ne goyon bayan 'yan hamayya, domin a wancan lokacin jam'iyyar Musulmi ta MAP, wadda ƙarfinta yake a Zangon Kumasi da na Akra, tana tafiya da jam'iyyar hamayya ta NLM ta Baffour Akoto, kuma a ƙarshen 1957 suka narke cikin jam'iyyar haɗaka wadda Busia ya jagoranta. Wato manyan Zangon garin nan sun taɓa zama abokan tafiyar mutumin da ya zo ya sa hannu a dokar 1969, kuma korar farko daga ɗaya ɓangaren ta fito. Wanda ke son ka tsorata da zuriyar Busia ba zai gaya maka 1957 ba. Shi kuma na wancan gefen zai lissafa maka Alhaji Aliu Mahama da ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, da Dakta Bawumia da shi ma ya riƙe wannan kujera, da ma'aikatar raya Zango da aka kafa a 2017, ya tsallake 1969 kamar ba a yi ba. Kuma dukansu biyu ba su cika ambaton 1983 ba, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya daga Najeriya, domin wannan ba ya kawo wa kowa ƙuri'a.

Ni a aikina abin da na koya shi ne in daina tambayar ko magana gaskiya ce kaɗai, domin ƙwararren mai farfaganda ba ya son a kama shi da ƙarya. Nakan tambayi abin da aka bari a waje, da kuma abin da ake so in tashi in aikata bayan na ji. Mai ba ka labari yana barin ka da abin da za ka auna, ko da ba zai yi masa daɗi ba. Shi kuwa wancan ya riga ya yanke maka hukunci, hujjojin da suka dace da hukuncin kawai yake miƙo maka.

Anti Nas, Manhyia

Yaya, da wannan ma'aunin naka to mu ma'aikatan lafiya ma mun shiga. Lokacin da allurar korona ta iso ƙasar nan ranar 24 ga Fabrairu 2021, guda 600,000, Ghana ce ƙasar farko da ta karɓa a ƙarƙashin COVAX, shirin raba allurar ga ƙasashen duniya. Shugaban ƙasa ya miƙa hannunsa a gaban kyamara ranar 1 ga Maris, Otumfo, Sarkin Asanti, ma aka yi masa a fada aka nuna wa duniya. Mun bi masallatai da coci-coci, mun roƙi limamai da sarakuna su yi magana, motocin ma'aikatar yaɗa labarai sun yi ta yawo da lasifika suna maimaita saƙo ɗaya da Asanti da Hausa. Mun riga mun yanke hukunci, kuma so muke mutum ya tashi ya aikata abu ɗaya tak. Manyan mutane, maimaitawa, har da ɗan tsoratarwa, duk mun yi amfani da su. A lokaci guda saƙonnin murya suna yawo a wayoyin mata cewa allurar tana hana haihuwa, kuma masu tura su abin da suke kiran aikinmu shi ne farfagandar Turawa. Mu muna cewa wayar da kai muke yi. Shin akwai bambanci na gaske, ko kuwa kowa sunan da ya yi masa daɗi yake ba nasa aikin?

Ustaz, Aboabo

Bambancin yana wajen niyya, 'yar'uwa. Ke kina nufin tsare rai, shi yana nufin ruɗi, ko kuma bai damu ya bincika ba. Ayyuka kuwa da niyya suke.

Tsohon Ɗan Jarida, Tafo

Allah ya gafarta Malam, niyya za ta raba su a gaban Allah, amma ni mai sauraro ba na ganin zuciya, kuma da yawa daga cikin matan da suka tura saƙon nan da niyyar ceton 'yan'uwansu suka tura. Tsoronsu ma yana da inda ya samo saiwa: a 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, wani kamfanin magani na Amurka ya yi gwaji a kan yara, 11 daga cikinsu suka rasu, kuma wannan na cikin abin da ya ƙarfafa ƙin allurar shan-inna a can a 2003. Abin da zan iya gani da idona shi ne wannan: Anti Nas ta zo da fuskarta da rigar aikinta, an san wanda ya aiko ta, kuma idan na tambaye ta illar allurar za ta ce mini hannu zai yi ciwo, wataƙila a yi zazzaɓi. Mai saƙon murya ba shi da suna, kuma babu inda zan same shi gobe in ce masa ga matar da aka yi wa ta haihu.

Ɓoye mai magana shi ne ya fi ba ni tsoro. A watan Oktoba na 1990 wata yarinya 'yar shekara 15 ta yi kuka a gaban 'yan majalisar Amurka, ta ce ta ga sojojin Iraƙi suna fitar da jarirai daga kwalaben reno a wani asibitin Kuwait. Labarin ya zagaya duniya, aka riƙa kafa hujja da shi wajen neman yaƙi. Sai a 1992 aka gano 'yar jakadan Kuwait ce a Amurka, kuma wani kamfanin hulɗa da jama'a da aka biya ne ya shirya fitowarta. Da an faɗi ko 'yar wane ce tun farko, da kowa ya saurara da kunnen da ya dace.

Amma kada a ɗauka wanda ya bayyana kansa ya tsira. Gidan rediyon farko a ƙasar nan, tashar ZOY da gwamna Arnold Hodson ya buɗe a Akra a 1935, muryar mulkin mallaka ce, kuma da yaƙi ya zo da ita aka riƙa jan hankalin samari su shiga soja. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, Turawan mulki ne suka kafa ta, kuma ta yi musu aikin yaƙi sosai, duk da haka a hannun Abubakar Imam ta zama makarantar rubutun Hausa da kuma wurin da talaka ke aika kukansa. Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da Muryar Amurka a 1979, da na Jamus da Sin da Iran, babu gwamnatin da ke kashe kuɗi ta yi magana da Bahaushe da harshensa saboda Allah kawai. Muna saurarensu, muna ƙaruwa, amma ya kamata mu san mai gidan kowace tasha.

Mai Fassara, Sawaba

Na ƙaru ƙwarai, kuma bayanin Hajiya da na Yaya Ɗan Jarida ya sa na koma na duba rumbunmu na Hausa. Ina ganin abin da ya faru shi ne mun ɗora wa kalma ɗaya kayan da kalmomi da yawa ke ɗauka a da. Idan an ƙirƙiri laifi an jingina wa mutum, wannan ƙage ne ko sharri. Idan an watsa masa abin kunya domin a zubar masa da mutunci a idon masu zaɓe, yarfe ne. Maganar da ke yawo babu mai ita, ji-ta-ji-ta ce. Abin da su Anti Nas suka yi gangami ne da wayar da kai. Maroƙi da ke wasa ubangidansa yana zambo ga abokin gabansa, shi ma tsohon ma'aikaci ne a wannan fage, tun kafin lasifika ta zo, kuma mutanen Kano sun raɗa wa magadansa na rediyo suna sojojin baka. Kowace daga cikin waɗannan tana gaya maka takamaiman abin da aka yi, har ka iya neman hujja. Idan na ce ka yi mini ƙage, sai in nuna abin da ka ƙaga. Idan na ce farfaganda ce, ban ɗauki nauyin nuna komai ba. Shi ya sa nake karkata ga in riƙa amfani da namu a duk inda suka dace.

Baba Masta, Asawase

Ki yi hakan, 'yata, amma kada ki jefar da ta aron gaba ɗaya, domin akwai abin da ita kaɗai ke riƙe da shi, wato tsari. Ji-ta-ji-ta takan tashi da kanta, yarfe mutum ɗaya ma yana iya yinsa. Farfaganda kuwa sai da ofis, da kuɗi, da wanda ke zaune yana tsara abin da za a faɗa yau da wanda za a faɗa gobe, da bakuna masu yawa da za su faɗe shi lokaci guda har ya zama kamar ra'ayin gari. Babu kalmarmu ɗaya da ta tattara wannan.

Sannan akwai wani amfani da kalmar da ba mu taɓa ba, wanda ya fi damuna: yadda mai mulki ke jifan duk mai sukarsa da ita. An soke dokar da ke ɗaure mutum saboda ɓata suna a 2001, amma sashe na 208 na dokar manyan laifuka ta 1960, wanda ya haramta yaɗa labarin ƙarya mai tayar da hankalin jama'a, yana nan daram, kuma a 2022 an kama 'yan jarida da shi. Duk jam'iyyar da ke hamayya takan yi tir da sashen, idan ta hau kuma sai ta manta da shi a inda yake.

Anti Nas, Manhyia

Baba, amma ai ba za a bar baki sake ba. A Ruwanda a 1994 gidan rediyon RTLM ne ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai yana karanta sunaye da wuraren ɓuya. Idan babu doka, me zai hana irin wannan a nan?

Tsohon Ɗan Jarida, Tafo

Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya ta ɗaure jagororin tashar a watan Disamba na 2003, kuma laifin da aka kama su da shi shi ne tunzura jama'a ga kisan ƙare dangi. Wannan laifi ne mai iyaka, ana iya kawo kaset a saurara a ce ga inda ka ce a kashe. Doka ta tsaya a nan, ina goyon baya. Amma ranar da aka ce ɗan sanda ne zai tantance wace magana ce farfaganda, to wanda ke biyan ɗan sandan albashi ne zai tantance.

Hajiya Mai Atamfa, Alabar

Ni tambayata ga ɗana na Akwatia Line ce, tun da ya fi mu kusa da 'yan siyasa. Mutanen nan da ke bugo waya gidajen rediyo kowace safiya, muryoyi ɗaya, daga wannan tasha su koma waccan, kuma duk ranar da aka wayi gari bakinsu ɗaya har da misalan da suke kawowa, wa ke saya musu katin waya?

Matashi, Akwatia Line

Hajiya, ba ɓoyayyen abu ba ne cewa manyan jam'iyyun biyu suna da rundunar sadarwa har matakin mazaɓa, kuma akwai zauren da ake turo mana batutuwan da za a tattauna kowace safiya. Wasu ana ba su na kati, ni dai da kuɗina nake bugawa, kuma ban taɓa faɗin abin da ban yarda da shi ba. Shin mutumin da ya faɗi abin da ya yi imani da shi, ba a biya shi ko pesuwa, wato ko sisin kwabo, ba, shi ma za a ce farfaganda yake yi?

Baba Masta, Asawase

Samarin da suka riƙa bin motocin Welbeck ma sun yi imani da abin da suke faɗa, ɗana, kuma yawancinsu ba a biya su ba. Amma mai sauraronka a Aboabo yana zaton ra'ayin wani maƙwabcinsa yake ji, bai san cewa mutum hamsin aka tura wa takarda ɗaya da asuba ba. Ka gwada abu biyu. Gobe idan ka bugo, ka fara da cewa kai ɗan rundunar sadarwar jam'iyya kaza ne. Sannan ka turo mana takardar goben nan zaure kafin a fara shirin safe, mu riƙe ta a hannu muna sauraren rediyo.

Matashi, Akwatia Line

Na farkon zan iya, Baba. Na biyun kuwa sai na nemi izinin shugabanmu na mazaɓa, domin an hana mu fitar da ita waje.